Takardar Sallamar Saje Alton

Vernell Pettway ta jawo wani kwalin daga can saman kanta, ta buɗe, ta tarar takalmi ne a ciki. Ta maida murfin, ta wurga shi kan tsibin da ta tara a ƙasa. Tun ƙarfe bakwai na safe take cikin ɗakin ajiyar shagon mijinta tana wannan aiki, gwiwoyinta na zogi, ƙura ta shaƙe mata maƙogwaro. Alton mutum ne da komai nasa a kwalin takalmi yake ajiyewa. Takardar aurensu a kwali ta same ta. Hotunan 'yarsu tana jaririya, a kwali. Har tsohon tabaronsa da ya karye shekara goma da suka wuce, ga shi nan an naɗe a tsumma an adana. Abu ɗaya tak da take nema, shi ne babu.

"Alton, ina ka sa ta?" ta ce da kantocin. "Ka mutu ma sai ka wahalar da ni."

Ran Litinin ya faɗi, yana durƙushe yana gwada wa wani direban bas takalmi. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Yau Alhamis, jana'iza kuma Asabar. Mista Hargrove, mai gidan shirya gawa, ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in tana so a binne mijinta a maƙabartar sojoji, a lulluɓe akwatinsa da tuta, sojoji biyu su zo su naɗe ta su miƙa mata, a busa masa begila, to sai ta kawo takardar sallamarsa daga soja kafin ƙarfe huɗu na yau. In babu takarda, babu ko ɗaya.

Ita kuwa ta riga ta yi gaba. Jiya Laraba ta miƙe a coci gaban kowa ta sanar cewa Saje Alton zai kwanta cikin 'yan'uwansa sojoji. An buga takardun tsarin jana'iza, da hotonsa a gaba yana ɗan shekara ashirin cikin kaki. Gaskiya ne, ya sha ce mata, "Ran da na tafi, ku ajiye ni kusa da uwata, ban da hayaniya." Amma wa yake sauraron Alton a irin wannan? Mutumin da ko bikin ranar haihuwarsa aka shirya sai ya sulale ya tafi shago. Kawaici ne kawai irin nasa, kuma a wannan karon ta rantse ba za ta bar shi ya ɓuya ba. Ya bar jininsa a yaƙin Vietnam. Shekara arba'in da huɗu tana kwana kusa da tabon da ke ƙugunsa, tana jin yadda yake zabura in an yi tsawa. Ƙasar nan sai ta zo ta tsaya masa, ko da na minti goma ne.

Waya ta yi ƙara a aljihun rigar sanyinta. Mista Hargrove ne.

"Sista Vernell, an dace?"

"Na kusa rushe shagon nan, babu."

"To, bar wahalar da kanki. Je ki ofishin kula da tsofaffin sojoji na gunduma. Yawanci suna da kwafe. Ki riƙe takardar aure da katinki. Amma ki hanzarta, don Allah, masu turo sojojin nan ba sa jira."

Ta kulle shagon. A bakin ƙofa mutane sun ajiye furanni, wani har da 'yar tuta ya soke a tukunyar. Duk titin North, daga mai aski har mai wankin kaya, Saje suke kiransa. Ya fara ne da sayar da takalman aiki a but ɗin mota, a ƙofar masana'antu, lokacin da birninsu na Milwaukee ke da masana'antun. Sa'o'insa duk sun shiga ciki sun samu albashi mai kauri da fansho, shi yana waje cikin ƙanƙara yana ciniki. Farkon aurensu ba irin faɗan da ba ta yi ba kan ya nemi aiki kamar kowa. Amsarsa ɗaya ce: "Na gama da yi wa wani aiki." Daga but ɗin mota ya kama rumfa, daga rumfa ya kama shago, har ya zama duk mai tsayuwar wuni a unguwar, nas ce ko mai sharar titi, a wurinsa yake sayen takalmi. Yana da wani hali da kowa ya sani: ba ya musabaha. Ko fasto ne ya miƙo hannu, sai dai Alton ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna. Mutane suka ce ai halin waɗanda suka je yaƙi ne, kowa da abin da ya dawo da shi.

Bas biyu ta hau. A ofishin ta ciri lamba ta zauna fiye da awa ɗaya tsakanin wani mai ƙafar roba da wata yarinya mai ciki da ke ta kuka a waya. Sha biyu saura aka kira ta. Jami'in wani Bature ne mai furfura, Mista Novak, da 'yar lambar soja maƙale a wuyan rigarsa. Ya yi mata ta'aziyya, ya karɓi takardunta, ya shiga latse-latsen kwamfuta.

"Ga shi nan," ya ce. "Pettway, Alton. Muna da ita."

Vernell ta sauke wata ajiyar zuciya da ta kwana uku tana riƙe da ita. "Na gode wa Ubangiji."

Injin ya turo takardar. Mista Novak ya ɗauko, ya duba, sai ya ƙi miƙo ta. Ya cire tabarau ya goge, ya maida, ya sake dubawa.

"Madam Pettway, mijinki ya taɓa nuna miki wannan?"

"Me ya faru?"

Ya ajiye ta a tebur ya juyo mata da ita, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan gurbi. "Sallama iri-iri ce. Akwai ta girmamawa, wadda yawancinmu muka samu. Wannan kuwa an rubuta an sallame shi ba bisa mutunci ba. Mu a nan mummunar takarda muke ce mata. Kuma kin ga nan, an sauke shi daga saje zuwa farabiti kafin ya fita."

Ta kalli rubutun. Sunansa ne, ranar haihuwarsa ce, har da sa hannunsa mai karkata da ta sani kamar yunwar cikinta.

"Kuskure ne. An harbe shi fa. Ni na san tabon."

"Na gani. Ga lambar yabon waɗanda aka raunata a rubuce a ƙasa, har sau biyu. Babu wanda ya ce bai yi yaƙi ba."

"To me ya yi?"

"Takardar ba ta faɗa ba."

"To ku ba ni tutarsa."

"Ba ni da iko, madam. Da wannan ba za su turo sojoji ba, ba za a ba shi kabari a can ba, sai an zauna an sake duba shari'arsa. Kina da damar ɗaukaka ƙara, kuma wallahi zan taya ki cike takardun. An sha gyara wa irinsu."

"Kafin Asabar?"

Ya sunkuyar da kai. "Watanni. Wani lokacin shekara."

Vernell ba ta san sa'ad da ta kama hannun rigarsa ba. Ita da ko gishiri ba ta taɓa roƙon maƙwabciya ba, yau ga ta tana roƙon baƙon Bature kamar mai neman a ceci ɗanta. Ta ce masa ta riga ta faɗa a coci. Ta ce masa 'yarsu tana hanya daga Atlanta da jikoki, an gaya musu za su ga yadda ake karrama kakansu. Ta ce ya buga wa babbansu waya, ya ce takardar ta ɓata, ya ce komai. Ya bari ta gama, idanunsa sun yi ja, sannan ya zare hannunsa a hankali ya sa mata takardar a ambulan.

A waje ta tsaya bakin titi, motoci na watsa mata ruwan ƙanƙara a ƙafa, ba ta ma kauce ba. Kunya ce ta fara kama ta, sannan fushi ya biyo baya. Me ya yi? Gudu ya yi ya bar mutane? Sata? Ko wani abin ne da ya fi haka muni, wanda ake yi wa mata da yara a ƙauyukan da ba mai gani? Da wa ta kwana shekara arba'in da huɗu?

Mutum ɗaya ne zai sani. Lucius Boyd, wanda suka yi rukuni ɗaya da Alton a can, shi ne kuma abokin ango ranar aurensu. Ta san inda za ta same shi. Duk Alhamis shi da abokansa suna ɗakin girkin zauren ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji, suna yanka kabeji da gyaran kifin da za su soya su sayar gobe Juma'a.

Ta shiga ta ƙofar baya. Su huɗu ne, kowa da hular ƙungiya a ka da wuƙa a hannu, suna musun wasan ƙwallo. Suna ganinta suka yi tsit. Ba ta gaishe su ba. Ta zaro takardar ta shimfiɗa a kan katakon yankan, gefen kabeji.

Lucius bai ko sunkuya ya karanta ba. Ya ajiye wuƙar ya goge hannu a jikinsa.

"Na ce masa ya ƙone ta, ashe gwamnati na da tata," ya ce. "Zauna, Vernell."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka sani?"

"Ina wurin."

Ta juya ga sauran. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. "Ku ma?"

"Duk wanda ke ɗakin nan ya sani," in ji Lucius. "Ba ki taɓa lura ba ya da hular nan ba? Sai da takarda mai kyau ake shiga ƙungiya. Shekara nawa yana kawo mana man suya, yana zama da mu, amma ta ƙofar da kika shigo yake shigowa."

"Ni kaɗai ce jakar, ke nan. Jiya ina tsaye a coci ina zuba, kai kana layi na biyu kana gyaɗa mini wannan ƙaton kan naka."

"Me zan ce miki a gaban jama'a? Tun jiya nake ɗaukar waya ina ajiyewa."

"Me ya yi, Lucius? Kar ka tausaya mini. In kisa ne ka ce kisa ne."

"Gaisuwa ya yi."

"Kar ka raina mini hankali yau."

"Na rantse da Allahn da zai karɓi raina." Ya jawo kujera ya zauna da kansa, don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa da daɗewa. "A can, mu baƙaƙe muna da wata musabaha tamu. Doguwa ce. A buga tafi, a buga bayan hannu, a haɗa ƙulli, a dafa ƙirji, a sake. Sai ta ci minti biyu. Ma'anarta, ni da kai ɗaya ne, in ka faɗi zan ɗauko ka. Hafsoshi suka tsane ta. Suka ce muna tsare layin abinci, muna haɗa kai. Aka kafa doka, duk wanda aka kama a layi yana yi, sai kulle a gadurum."

"To?"

"Saura kwana goma sha ɗaya Alton ya dawo gida. Muna layin abincin rana sai ga Purcell, wani ɗan Mississippi da muka ɗauka ya mutu, don mu muka sa shi a jirgi hanjinsa a waje. Ga shi a tsaye da ƙafafunsa. Alton ya fita daga layi ya miƙa masa hannu, suka fara. Wani sabon laftana, ko wata bai yi a ƙasar ba, ya daka tsawa su bari. Alton bai bari ba. Ya ce saura kaɗan, yallaɓai. Laftana ya zo ya fizgi hannunsa, ya kira shi da sunan nan na zagin baƙar fata da kika sani. Alton ya ture shi. Turewa ɗaya, ya faɗa kan tukunyar wake."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta da sauri.

"Wata biyu yana kulle," Lucius ya ci gaba. "Sannan suka zo masa da takarda. Ko ya jira kotun soja, wataƙila shekara biyar a kurkuku, ko ya sa hannu a nan ya kwana gidan uwarsa mako mai zuwa. Shekararsa ashirin da ɗaya. Ke da me za ki zaɓa? Ba wanda ya gaya masa takardar za ta bi shi har kabari."

Vernell ta lalubi bakin tebur ta riƙe. "Masana'antar…"

"Sau nawa ya je. Ko'ina sai a ce kawo takardar sallama. Su duba gurbin nan, su ce za mu neme ka. Kin ɗauka don daɗi mutum zai tsaya cikin ƙanƙara yana tallar takalmi?"

"Asibitin tsofaffin sojoji fa?" ta ce. "Shekara uku ina binsa ya je a duba masa ƙirjin nan. Na ce kyauta ne, haƙƙinka ne. Na kira shi mai taurin kai. Ran Lahadi ma sai da na ce masa girman kai ne zai kashe shi."



Nan ta zauna, a kan bokitin mai da aka kife, ta yi kukan da ba ta yi ba ran Litinin. Ba ta damu da su ba. Ta yi wa Alton kuka, ta yi wa bakinta kuka, ta kuma ji haushinsa har cikin ƙashi, don ya yarda maza huɗu masu warin kifi su san abin da ya hana ta sani.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya ce ran da ya fara zuwa gidanku, mahaifinki ya tashi tsaye ya ce, maraba da Saje. Ya ce bai taɓa mantawa da yadda kika kalle shi ran nan ba. Daga nan kullum sai ya ce gobe zai gaya miki."

Agogon bango ya nuna uku da rabi. Lucius ya bi idonta.

"Ji nan, Vernell. Mu huɗu muna nan. Hannuwanmu na rawa, amma mun iya naɗe tuta, mun naɗe ta fi a ƙirga. Cornell yana da begilarsa."

"Cornell da ba haƙori?"

"Saura shida," in ji Cornell daga bayan kabeji. "Kuma duk suna aiki."

"Tutar ce ba mu da ita," Lucius ya ce. "Ta zauren ba tamu ba ce da za mu bayar. Ta gwamnati kuwa sai da takarda. Sai dai a saya."

"Tutar kanti," ta ce. "Irin wadda ake ratayawa a baranda."

"Ita ce dai tutar."

Ta ɗauki takardarta, ta share ɗanyen kabejin da ya manne a jiki, ta fita.

A tashar bas ta daɗe da waya a hannu. Har yanzu da sauran hanya: ta ce ba a samu takardar ba, ofis ne suka ɓatar, kowa ya taya ta zagin gwamnati, a wuce wurin. Maza huɗun can ba za su tona ba, sun nuna sun iya riƙe baki. Huɗu saura biyar ta buga.

"Mista Hargrove, na samo ta, amma ba za ta yi ba. Mummuna ce."

Ba yau ya fara jin irin wannan ba. "Sannu, Sista Vernell. To yaya za a yi?"

"A haƙa kusa da uwarsa."

"Takardun da aka buga fa? Maƙabartar sojoji aka rubuta. In kina so in ce an samu matsala daga ofis, ba wanda zai…"

"A'a. Ni na tashi a coci na faɗa, ni zan tashi in gyara. Kuma zan faɗi dalili, tun daga layin abincin. Ya isa haka."

Ta tsallaka titi zuwa wani babban kanti mai sayar da kayan gida. Tutocin suna can lungu, tsakanin tiyon ban-ruwa da gawayin gashi, a naɗe cikin leda. Ta duba duka. Mafi girma a ciki ba ta kai tsawon Alton ba. In an rufe kansa, ƙafafunsa za su fito. Ta juya ta, ta sake juyawa, sannan ta rungume ta ta nufi wurin biya.

Mai karɓar kuɗin wata mata ce mai jiki, da alama tun safe take tsaye, tana ta sauya ƙafa.

"Kin yi sammako, Mama, ai bikin tuta da saura," ta ce tana wuce ledar ta gaban na'ura. "Ta baranda ce?"

"Ta mijina ce."

"Tsohon soja ne? Muna yi musu rangwame."

Hannun Vernell ya tafi kan jakarta, inda ambulan ɗin yake. Ta jira a ce ta kawo shaida.

"Soja ne," ta ce. "Saje."

Matar ta danna wani maɓalli ba tare da ta ko ɗago kai ba, ta sa tutar a jaka ta miƙo mata.

"Ki ce masa mun gode da abin da ya yi wa ƙasa."

Vernell ta karɓi jakar da hannu biyu.

"Zan gaya masa," ta ce.